Iya Kande Mai Auren Mangwaro da Dashe Ɗari Uku na Alhaji Badamasi

Laifin da zan yi magana a kansa shi ne raina mai sani don zanensa ya koɗe. Na ga an aikata shi a gabana da rana tsaka, Allah kuma ya ja kwanana har na ga abin da ya haifar. Har yau in na tuna sai in riƙe baki. Amma kafin in kai ga mai laifin bari in fara da wadda aka yi wa, domin ita ce ta cancanci a ambaci sunanta tun tana da rai, tana ji da kunnenta.

Duk wanda ya saba bin gefen kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, a ƙasan Tiga da sassafe ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Tsohuwa ce siririya, mayafi ɗaure a ƙugu, da wata 'yar wuƙa naɗe cikin tsumma. Da ta idar da sallar asuba take fitowa. Kafin rana ta yi zafi ta gama zagaye lambun renon itatuwa na marigayi Alhaji Zakari, layi bayan layi, tana duƙawa tana cusa yatsa cikin ƙasar kowace leda don ta ji wadda ke son ruwa da wadda ruwa ya yi wa yawa. Sannan ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ƙarƙashin rumfar zana, ta wasa wuƙa, ta fara aure. Ba ta tashi sai azahar. Shekara talatin da huɗu ke nan da ta fara, sai bana ta ajiye aikin. Sunanta Kande, mu a nan Iya Kande muke ce mata.

Ga wanda bai san auren itace ba, ga yadda yake. Ana shuka ƙwallon mangwaron gida, mai zaren nan da ke zuba a bakin hanya, saboda saiwarsa na da ƙarfi. In ya kai kaurin yatsa sai a yanke kansa, a tsaga, a soka ɗan reshen irin da ake so, ko juli ko fita ko fafaranda, a naɗe wurin da leda. In auren ya kama, itacen ya zama irin reshen da aka ɗora masa. In bai kama ba, reshen ya bushe, gindin ya sake toho daga ƙasan yankan, ya miƙe dogo kore shar, amma fa mai zare ne kamar uwarsa. A ido duk mangwaro ne. Sai bayan shekaru, ranar da ya yi 'ya'ya, mai gona zai san abin da ya dasa.

To, Kande ba ta jiran wannan rana. Mijinta Audu shi ne mai auren lambun, ita ɗiban ruwa ta zo yi. Tana ɗiba tana kallon hannunsa. Da ya rasu, Alhaji Zakari yana shirin aika a nemo masa wani daga Zariya, sai ya shigo wata safiya ya tarar matar mamacin ta fita takaba, ta zauna a kujerar mijinta, ta aurar da dashe sittin. Hamsin da bakwai suka kama. Bai aika Zariya ba.

Ni da idona na ga wani malamin aikin gona ya kawo ɗalibansa, ya tsinko ganye goma sha biyu ya zuba mata a faifai yana murmushi. Ta ɗauki kowanne, ta shafa gefensa, ta murje shi, ta kai hanci. Ta faɗi sunan goma sha ɗaya. Na ƙarshe ta juya shi sau biyu ta ce, "Malam, wannan ba ɗan lambun nan ba ne. A aljihu ka zo da shi." Mutumin ya cire hula ya yi ta salati. Daga gidansa ya tsinko shi. Ni kaina na taɓa kawo mata reshe daga gonata ina tambayar ciwon da ke damunsa. Kafin ta duba ciwon ta ce, "Malam Uzairu, wannan ai na bakin rafi ne, auren Audu, shekarar da farin dango suka zo." Na tsaya ina kallonta kamar an dasa ni. Ni mai itacen ma na manta shekarar.

Ke ce mai gane ɗa tun yana ganye huɗu, Kande. Ke ce wadda manoma daga Bebeji har Doguwa suke cewa in dai aurenki ne a dasa kawai a je a yi barci.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Shekara bakwai da suka wuce, farkon damina, na je lambun sayen dashen gwaiba. Alhaji Zakari bai cika wata huɗu da rasuwa ba, ɗansa Muzammil ya dawo daga birni ya karɓi wurin, yaro mai ladabi amma bai san ganyen juli daga na darbejiya ba. Ina nan tsaye sai ga akori-kura ta shigo, Alhaji Badamasi ya fito. Ɗan abokina ne, yana da motocin ɗaukar kaya a Kwanar Dangora, ya kuma gaji wata babbar gona a hanyar Doguwa. Ya gaishe ni da hannu ɗaya, ya ɗaga murya.

"Ina tsohuwar da ake ta zuzutawa? An ce in juli nake so in nemi auren Kande. Ɗari uku zan ɗauka, yau ɗin nan."

Kande ta taso, ta gaishe shi, ta kai shi layukan julinta. Juli gajeren itace ne tun yana yaro, ba ya sauri, ganyensa a ɗan murɗe. Alhaji ya dube su ya fashe da dariya.

"Waɗannan tsumburarrun? Ko gwiwata ba su kai ba! Kuma ina ledar auren?"

"Na kwance, Alhaji. In aure ya kama nakan kwance leda, kada ta shaƙe masa wuya. Duba nan, ga tabon ya haɗe."

"Iya, ni za ki yi wa wayo? Kullum ina ganin masu dashe a bakin tasha. Kowane mai aure da ledarsa a ɗaure. Wanda ba leda ba aure, wannan ko yaro ya sani."

Sai idonsa ya faɗa can jikin shinge. A bazarar shekarar injin ban ruwan lambun ya mutu kwana tara, aure da yawa ya lalace. Al'adar Kande ce ta ware matattun aure gefe guda, ta bar musu ledarsu, don ta san waɗanda za ta sake yi wa aiki. Sun sami ruwan sama sun miƙe har ƙugun mutum, ganye faffaɗa, kowanne da farar leda a wuya.

"Ahaf!" in ji Alhaji. "Ga masu kyan can an ɓoye. Wa kika ajiye wa?"

"Ba wanda na ajiye wa. Waɗancan matattun aure ne. Mai zare ne tsagwaronsa."

Ta je ta ɗauko ɗaya, ta nuna masa busasshen ɗan reshen a cikin ledar, ta nuna masa inda tohon ya fito daga ƙasa. Ta murje ganyen wannan da na juli, ta miƙo masa hannu biyu. "Shaƙa ka ji, ɗana. Ƙamshin ma ba ɗaya ba ne."

Ya bige hannun. Wallahi ya bige shi, a gabana. "Kauce min da hannun taki! Muzammil, lambun naka ne ko nata?"

Muzammil ya sosa ƙeya. "Iya, tunda dai shi ya zaɓa da kansa…"

"Muzammil," in ji ta, "a lambun nan na goya ka. Ubanka bai taɓa sayar da mai zare da sunan juli ba, ko guda ɗaya."

Na ce, "Badamasi, saurari matar nan. Ta fi mu sani."

Ya ce, "Baba, bar mu. Ku mutanen da, duk wanda ya yi muku furfura sai ku ce masani ne."

Na yi shiru. Wannan shirun yana cikin abin da nake roƙon Allah gafara a kansa.

Aka fara lodi. Kande ta je ta tsaya a bayan motar, ta ɗaga murya yadda leburori da masu saye duk za su ji. "Jama'a ku shaida. Abin da ake ɗorawa a motar nan ba juli ba ne. Kada wani ya je ya ce auren Kande ya dasa."

Alhaji ya juya ya ce wa Muzammil ko dai tsohuwar nan ta bar wurin, ko shi ya sauke kayan, kuma ba shi ba abokansa da lambun har abada. Yaron bai iya ɗaga ido ba. Ya ce, "Iya, je gida ki huta tukuna." Kowa ya gane ma'anar hutun. Shekararta ashirin da bakwai a kan aikin a lokacin, aka sallame ta tsakanin lodin leda ɗaya da ta biyu. Innalillahi. Ta naɗe wuƙarta cikin tsumma ta nufi ƙofa.

A ƙofar ne Mudi ya tare ta. Bafulatani ne daga wajen Doguwa, yana kiwo yana kuma noma a gefen rugarsu, ya zo a kan babur da buhu biyu. Duk abin da aka yi yana tsaye yana kallo. Ya ce, "Inna, kafin ki wuce ki zaɓa min arba'in da hannunki. Ni ko saniya zan saya, wanda ya rene ta nake tambaya." Wadda aka kora yanzu-yanzu ta juya ta koma, ta duƙa, ta zaɓa masa arba'in cikin tsumburarrun, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tafi.

Korar ba ita ce ta fi ciwo ba. Alhaji Badamasi ya koma tasha ya riƙa ba da labari cewa ya kama tsohuwar Tiga tana ɓoye dashe masu kyau don ta sayar ta bayan fage. Mai mota ne, aka gaskata shi. Kande ta gwada reno a bayan ɗakinta, ba wanda ya zo saye. Matar da ake rantsuwa da hannunta ta koma yi wa mutane surfe da ɓarar gyaɗa. Na taɓa wucewa na gan ta da taɓarya, tafin hannunta duk ya yi kanta. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambaye ni gwaibata. Ni ne na kasa tsayawa.

Shi kuwa Alhaji ya shiga gonar gado da gatari. Akwai ɗorawa goma sha bakwai a ciki, tun na kakansa, waɗanda matan ƙauyuka uku ke samun kalwa daga gare su. Ya sa aka kwantar da su duka. An gaya masa juli gajere ne, don haka ya dasa taku biyar-biyar. Ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa ana ban ruwa duk rani, ya hana a shuka ko dawa a tsakani. Itatuwan suka yi ta tashi. Yakan ɗebo baƙi a mota ya kai su kallo, yana cewa, "Da na bi ta tsohuwar nan da yanzu ina renon kaba."

A shekara ta uku na Mudi suka yi fure, alhali ko tsayin mutum ba su gama kaiwa ba. Da suka nuna ya cika kwando ya ɗaura a babur, ya kawo har ƙofar Kande. Daga nan bai koma ruga ba. Ya wuce Kwanar Dangora, ya zauna a bencin masu shayi inda aka ɓata sunanta, Alhaji Badamasi na zaune a wurin, ya fito da wuƙa ya riƙa yankawa yana miƙa wa duk mai wucewa. Tsoka jawur, ba zare ko ɗaya.

"Ku ci," in ji shi, "na tsumburarrun ne. Alhaji, bismilla. Naka fa, sun fara?"

"Nawa jiki suke ginawa," in ji Alhaji. Bai karɓa ba.

A satin nan Muzammil ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Shekara biyu yana ɗaukar masu aure yana sallama, rabin abin da suka yi ba ya kamawa. Ya fara dogon ban haƙuri yana kuka. Ina wurin, domin ni ya roƙa in raka shi. Na zaci za ta fashe masa, kuma da ta yi ba wanda zai ga laifinta. Ta bar shi ya gama, ta ce, "Tashi, ƙasa da sanyi. An gyara injin nan kuwa?" Washegari da asuba tana kan kujerarta. Abu guda ta nema, a yi wa matattun aure shinge nasu daban, inda mai saye ba zai shiga ba.

Bara, shekara ta shida, na Alhaji suka yi fure. Sun zama manya, rassansu sun sarƙe da juna har rana ba ta kai ƙasa. Ya riga ya yi magana da fatake daga kudu za su zo da manyan motoci. 'Ya'yan suka fito ƙanana, ya ce za su girma. Suka nuna a ƙananansu. Babban falken ya tsinki ɗaya ya gatsa, ya tsaya yana zare zare daga haƙoransa, ya ce, "Alhaji, wannan ai a bakin titi muke tsinta." Motocin suka juya ba kaya.

Da labari ya iso Tiga mutane suka yi ta zuwa yi wa Kande barka. Ta hana. Ta aika aka kira ni, ta ce, "Malam Uzairu, ɗan abokinka ne, zai ji maganarka. Ka ce masa kada ya taɓa itatuwan nan da gatari. Saiwarsu ta shekara shida ce, ba a samun irinta a kasuwa. A rage su, a datse kan sauran, in sun yi toho in aurar masa da juli a kai. Shekara biyu zai ci. Idona ya fara hazo, amma goma a rana zan iya."

Na ce, "Kande, mutumin da ya bige miki hannu?"

Ta ce, "Itatuwan ba su bige ni ba."

Na hau mota na je na same shi a tasha, na faɗa masa kalma-kalma yadda ta faɗa. Na ga kamar zai sauko. Sai ya dubi mutanen da ke kan benci, waɗanda shekara shida yana ba su labarin tsohuwa mai ɓoye dashe, ya ce, "Baba, ni Badamasi in je in durƙusa wa mai surfe? Gara in ƙone gonar."

Na zaci zafin rai ne. Kwana biyar bayan nan aka ji kukan injin yanka itace a hanyar Doguwa. Ya kira masu gawayi ya ce su share masa wurin, kada su bar komai da zai tuna masa. Suka sare, suka tone har kututture. Na je na gani da idona. Da na dawo na gaya wa Kande, ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe sai ta ce, "Ko kututturen ya bari da na iya."

Bana idon ya ƙi. Ta yanke yatsa sau biyu a wata guda, ta san lokaci ya yi. Ranar wata Alhamis ta miƙa wuƙar ga Hasiya, ɗaya daga cikin mutum biyar da ta koya wa aikin, ta ɗauki kujerarta ta tafi gida. Ba taro, ba jawabi, ba ko wanda ya zo daga ƙaramar hukuma. Mutumin da ya yi shekara huɗu a ofis ana yanka masa sa. Wannan ta yi talatin da huɗu a duƙe, kuma ba gonar mangwaro tsakanin Ƙiru da Tudun Wada da ba ta da ɗan hannunta a ciki.

Saboda haka ni nake cewa, a madadin duk wanda ya taɓa cin 'ya'yan itacen da kika aurar: mun gode, Kande. Ke ce kika zaɓi a kore ki a kan a yi ƙarya da sunanki. Ke ce kika yi surfe da hannun da ya fi na malamai sani, ba ki zagi kowa ba. Ke ce kika nemi ceton gonar wanda ya ci mutuncinki. Allah ya ba idonki lafiya, ya ji ƙan Audu, ya sa kowane ganye ya zama shaida a gare ki ranar da shaida ke da amfani.

Ku kuma matasa, Kande tana nan da rai, gidanta na bayan masallacin Juma'a. Hancinta da yatsunta ba su tsufa ba. Ku tsinko ganye ku kai mata, ku zauna a ƙasa ku koya kafin a wayi gari ba ta. Kuma duk sana'ar da kuke yi, in kun ga mai saye zai cuci kansa, ku faɗa masa da ƙarfi yadda ta faɗa, ko da zai ja muku kora.

Wanda kuma yake ganin ya fi ƙarfin sauraron tsohuwa, ya bi hanyar Doguwa ya tsaya a gonar Alhaji Badamasi ya ƙirga da kansa. Ɗorawa goma sha bakwai na kakansa, babu. Mangwaro ɗari uku, babu ko gindi guda. Rani shida na ban ruwa sun tafi a iska. Damina bakwai gonar ba ta ba shi ko dami ɗaya na dawa ba. Abin da ya fita daga cikinta duka-duka buhun gawayi ne, shi ma masu sarar suka raba da shi biyu.